Alamar tauraro ba ta nufin "komai" a ko'ina

Yana damuna yadda mutane da yawa suka ɗauka cewa alamar tauraro (*) tana nufin "kowane rubutu" a duk inda aka saka ta wajen bincike a kwamfuta. Suna da hujja, domin wajen neman fayiloli haka take aiki: wanda ya rubuta *.txt zai ga duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .txt.

Sai dai a tsarin regex (wata hanya ta amfani da alamomi wajen bayyana irin rubutun da ake nema), wanda grep (manhajar neman kalmomi a cikin fayiloli) da manhajojin gyara rubutu irin su Vim ke amfani da shi, tauraron yana duba harafin da ya gabace shi ne kawai, yana cewa harafin nan zai iya zuwa sau da yawa, ko sau ɗaya, ko ma ya ɓace gaba ɗaya. Wannan ma'ana ta samo asali ne daga aikin masanin lissafi Stephen Kleene a shekarun 1950.

Idan ka rubuta rana* kana neman "ranar" da "ranaku", za ka tarar da "rani" da "randa" ma sun fito, saboda an yarda harafin a na ƙarshe ya ɓace. Abin da kake bukata shi ne rana.* domin ɗigon ne ke wakiltar kowane harafi guda, tauraron kuma ya maimaita shi.