Ɗamarar ƙarfe

Ranar da ƙaramar 'yata ta ɗora hannu a kan tumbina ta tambayi uwarta ko ni ne zan haifo musu ƙani, na san zama bai gan ni ba. Shekara 11 ke nan ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, yara suna sauke buhu, ni ina kan benci ina sauke amala. Sai na yi rajista a wani wurin ɗaga ƙarfe a nan Agege, rumfar kwano ce a bayan layin dogo, rabin nauyin da ke ciki siminti ne da aka zuba a gwangwanin fenti. Mai wurin tsohon ɗan dambe ne, Bazamfare, kowa Koci yake ce masa.

Cikin wata biyu na kai ga ɗaga kilo 60, kuma 20 daga ciki nauyin sandar ne ita kanta. Amma duk sanda na sunkuya sai kwankwasona ya yi ƙara kamar ƙyauren tsohon shago. Ga samari nan kowa da faffaɗan bel a ciki, suna tafiya suna buɗe hannuwa kamar masu maruru a hammata. Na ce to, ashe sirrin a bel yake. Na duba a waya, na ga na kamfanonin Amurka da Ingila sun haura dala 100. Na juya kuɗin zuwa buhunan albasa, na kashe wayar.

Ana nan, gosulo ya riƙe mu a hanyar Ikeja. Wanda bai san Legas ba, babu abin da ba a tallarsa a gosulo, daga ɗan kwikwiyo har katakon guga. Wani yaro ya zuro hannu ta tagar danfo da bel baƙi wuluk, yana sheƙi, bayansa faffaɗa, gabansa siriri. Ya ce 12,000. Na taya 4,000. Kafin in rufe baki ya sallama. A nan ya kamata in tsargu, domin ni ɗan kasuwa ne, na san idan aka sallama maka da sauri haka, to kai ne hajar.

Washegari na ɗaura shi tun daga gida, a kan riga, don makwabta su shaida. Na ɗora ƙarfe a kafaɗa, na tsuguna, na yunƙura zan tashi. Sai ji kake fas! Kan bel ɗin ya yi tsalle ya daki kwanon rumfa, ni kuma na zauna daɓas. Koci ya ɗauki gawar bel ɗin ya ɓare ta kamar ayaba. Leda ce a sama, leda a ƙasa, a tsakiya kwalin taliya, har ana iya karanta ranar da za ta lalace. Wani yaro ya ce ai ita ma taliyar ta fi bel ɗin tsawon rai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban yi sallama ba.

Koci bai yi dariya ba, wannan ma ya fi ciwo. Ya ce, "Yallaɓai, bel ba karan ɗori ba ne, ba ya riƙe maka baya. Bango ne. Ka ja numfashi ka cika ciki, ka tura shi ya tokari bel ta gaba da gefe da baya. Sai cikin ya yi tauri kamar tayar da aka ba iska, ƙashin baya ya samu majingina." Shi ya sa, in ji shi, mai siririn gaba ado ne kawai, tunda a gaban ake buƙatar bangon. Na ƙwarai faɗinsa ɗaya ne zagaye, santimita 10, kuma a gasa ba a yarda kaurinsa ya wuce milimita 13 ba. Irina dai milimita 10 ta ishe ni har tsufa. Akwai na zare mai mannewa irin takalmin 'yan firamare, yana da araha da daɗin sawa, sai dai mannen yana gajiya, wata rana ya sake ka a tsakiyar tsuguno.

Da na kai labari gida, uwargida ta ce, "Maigida, in dai ɗaure ciki ne, ga majanyi nan biyu, sun goyi yara huɗu ba su taɓa tsinkewa ba."

Duk bayanin Koci abu ɗaya na riƙe: 13 ta fi 10. Na nemi wani mai gwanjo, ya zaro mini mai liba, irin wanda ake maƙala haƙora a rami a danna ƙarfe ya kulle. Fata ce ta gaske, tauri kamar katako. Ya tambaye ni awona, na ce 36, wato lambar wandona. Ban san cewa wando a ƙarƙashin tumbi yake zama ba, shi kuwa wannan bel a kan cibiya ake auna shi, kuma a can ni 42 ne. Inci shida ne tsakanin mutumin da nake zato da mutumin da nake.

Ban jira zuwa wurin Koci ba. A ɗaki na shanye ciki, na kira babban ɗana ya ja, na danna liba da dukan ƙarfina. Ta kulle. Na dubi madubi na ga ƙugu irin na zanzaro, na ji daɗi na kamar minti ɗaya. Da na zo buɗewa, liba ta ce ba ta san zancen ba. Ashe a lanƙwashe take tun asali, na ƙarasa ta. Aka kira azahar. Na tayar da salla a haka, da na zo ruku'u sai na tsaya a rabin hanya kamar mai leƙen rijiya.

Na zura babbar riga a kai, na hau keke zuwa wurin wani bakanike ɗan garinmu. Duk ramin da muka faɗa sai na ji hanjina ya gaisa da maƙogwarona. Bakanike ya ɗauko sukudireba, ya zagaya ni sau biyu, sannan ya ce, "Alhaji, ai kusoshin ta ciki suke, sai an cire ka tukuna." Haka ake yin su, ko rami ɗaya kake son matsawa sai ka kwance liba ta baya. Ƙarshe da baƙin mai da filaya aka 'yanta ni, almajiransa uku suna riƙe da ni, masu jiran gyara suna ba da shawara. Ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce labarin ya ishe shi.

Wannan karon na bi Koci sau da ƙafa. Ya auna ni da tef ɗin tela a kan cibiya, ya rubuta komai a takarda: harshe ɗaya mai shiga rami, domin mai biyu wahalar sawa ce kawai, ramuka tazarar inci ɗaya, ɗinki gefe da gefe, kai mai kauri mai ɗan gangare da ke juyawa don kada ya ci fata. Muka je Mushin muka sayo kirgi. Tsadarsa ta ba ni mamaki har na tuna a garin da nake. Fatar da za a jeme, mu ne muke cinye ta ganda a cikin miya.

Muka kai wa wani tsohon baduku Bakano da ke ɗinka kube da jakunkuna a unguwarmu. Koci ya tsaya amsa waya, ni na shiga. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ɗamara nake so, ta ƙarfe."

Ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya rage murya. "Wuƙa ko adda?"

Na ce, "A'a Baba, babban ƙarfe, mai nauyi."

Ya yi shiru, ya jijjiga kai. "To ɗana, ni ɗinki ne nawa. Ka kawo layun, in saka su a tsakanin fata, ba wanda zai gani."

Sai da Koci ya shigo ya nuna masa hoto a waya sannan ya gane ba guru nake nema ba. Ya ce to. Amma irin "to" ɗin nan ta dattawa ce, wadda ke nufin ba sai ka faɗa mini ba, na san komai.

Kwana biyar ya gama. Fata biyu ya haɗe, ya ɗinke da zare mai kakin zuma, duka da kirgi da ladan aiki bai kai rabin kuɗin na waje ba. Makon farko ya bar mini shati a haƙarƙari, ina shafa masa man kaɗanya ina naɗe shi ina warwarewa har ya yi laushi. Ba na barin sa a jaka, domin damshin Legas ko takalmi funfuna yake sa masa, a ƙusa nake rataye shi. Wata bakwai ke nan ko zare bai tashi ba. Koci kuma ba ya bari in ɗaura sai a ɗagawa mafi nauyi, wai ciki ya koyi aikinsa da kansa. Na kai kilo 85.

Abin da ban sani ba, Baba ya riga ya yi hira a majalisa. Na dai lura masu shayi sun fara tashi suna ba ni benci, wani da nake bi bashi tun bara ya aiko da kuɗin ba tare da na tambaya ba. Daren Juma'ar da ta wuce aka yi sallama, na fito na tarar da shugaban 'yan sintirin layinmu da mutum huɗu, da tocila da gora. Ya russuna ya ce, "Alhaji, ɓarayi sun dame mu, kuma da adduna suke zuwa. Mun ji abin da Allah ya hore maka. Kai za ka riƙa shiga gaba."

Na rantse musu cewa ta motsa jiki ce. Suka dubi juna suka yi murmushi. Ɗaya ya ce ai dama ba a faɗa.

Daga cikin ɗaki uwargida ta ɗaga murya: "Maigida, in miƙo maka ita, ko majanyin za ka ɗaura?"