Har yaushe wasanninmu za su dogara da aljihun gwamnati?

Duk lokacin da na bi ta gefen filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan cikin garin Bauchi, sai in tuna cewa a wannan filin aka buga wasu wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, aka kuma dawo da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, a tsakaninsu kuma jiharmu ta karɓi baƙuncin bikin wasanni na ƙasa a shekarar 2000. Kafin duk waɗannan, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jiharmu, Wikki Tourists, ta ɗauko mana kofin ƙalubale na ƙasa a 1998. Don haka idan na yi ƙorafi, ina yi ne a matsayin wanda ya san inda muka taɓa kaiwa.

A ganina ciwon wasannin Nijeriya ba ƙarancin kuɗi ba ne kawai, a'a, yadda aka tsara riƙon kuɗin ne da kuma wanda ke amsa tambaya idan an yi ɓarna. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ta tarayya, ya maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa a ƙarƙashin Shehu Dikko. Hakan ya zo ne bayan 'yan wasanmu sun dawo daga gasar Olamfik ta birnin Faris hannu rabbana, babu lambar yabo ko guda, kuma a gasar ne aka kasa sanya sunan Favour Ofili a tseren mita 100 bayan ta cancanta, hukumomi biyu suka shiga jifan juna da laifi. Yarinya ta yi shekaru tana atisaye, cike takarda ya gagari manya! Sauya sunan ofis daga ma'aikata zuwa hukuma ba zai warkar da irin wannan ba, sai an sauya hali.

Sai dai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya yana nan kusa da mu. Yawancin ƙungiyoyin da ke babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa mallakar gwamnatocin jihohi ne, haka ma Wikki tamu da Gombe United ta maƙwabtanmu na gwamnati ne, wato albashin ɗan wasa da kuɗin sa hannu da man motar zuwa Aba ko Fatakwal duk suna jiran sa hannun mutum ɗaya. Idan gwamna mai sha'awar ƙwallo ne, kakar ƙungiya ta yanke saƙa. Idan hankalinsa na wani wajen, sai a shiga rubuta takarda ana jiran a saki kuɗi. Shugabannin gudanarwa ma naɗa su ake yi, kuma sukan tafi tare da gwamnatin da ta kawo su, to ta yaya mutumin da bai san ko zai kai baɗi a kujerarsa ba zai yi shirin shekara biyar? Wikki ta faɗa ƙaramin rukuni a 2023, sai a 2025 ta dawo. Gombe United ta faɗa a 2024. A ɗaya ɓangaren kuma Remo Stars, wadda ɗan kasuwa ya gina da filinta da makarantar renon yaranta, ita ta lashe gasar 2025.

Akwai wani yaro a unguwarmu da ya taɓa buga wa wata ƙungiyar jiha da ba zan ambata ba. Da idona na ga gwiwarsa a kumbure, an ɗaure ta da tsumma bayan an dawo da shi daga wurin mai ɗori, alhali yana bin ƙungiyar bashin albashi. Mahaifiyarsa ce ta sayar da akuyoyinta biyu aka yi masa hoto a asibiti. Yanzu keke napep yake ja, kuma duk yammacin da ake wasa yakan tsaya bakin titi yana sauraron ihun 'yan kallo.

Ba ina cewa gwamnati ta zare hannunta dare ɗaya ba, domin a jihohinmu kamfanonin da za su ɗauki nauyin ƙungiya ba su da yawa, kuma Doma United ta Gombe, wadda ba ta gwamnati ba ce, ita ma ta sha da ƙyar kafin ta faɗi a 2024. Abin da nake nema shi ne majalisar dokokin jiha ta yi doka da za ta mai da Wikki kamfani mai cin gashin kansa, a sayar wa magoya baya da 'yan kasuwa na kasuwannin Wunti da Muda Lawal da ke Bauchi hannun jari, a riƙa buga lissafin kuɗin ƙofa da na sayar da 'yan wasa kowace shekara kowa ya gani, a kuma wajabta inshorar lafiya ga duk wanda ya sa hannu a kwantiragi. Kuɗin gwamnati kuwa ya fi dacewa ya koma inda ɗan kasuwa ba zai je ba, wato makarantu. Filin firamaren da na koyi gudu a cikinsa, inda malamin motsa jiki yake zana mana layin tsere da toka, yau shaguna ne a jere, kuma yaran makarantar a kan kwalta suke buga ƙwallonsu, suna dakatawa duk sanda mota ta taho.