Mai son tarihin yaƙin dawaki ya fara daga barga

Da ku nake, ƙannena, musamman waɗanda muke haɗuwa da su a majalisa bayan la'asar. Kwana biyu bayan Hawan Daushe wani yaro a unguwarmu ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini littattafan tarihin yaƙi sun fi talatin da ya sauke daga intanet, rabinsu na John Keegan, marubucin tarihin yaƙi ɗan Ingila, da ire-irensa. Ya ce, "Yaya, wanne zan fara?" Na tambaye shi nawa ya karanta a ciki. Ko ɗaya. Amma a Facebook kullum yana cikin masu musu kan wane ne gwanin mayaƙan doki a duniya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma abin ya dame ni, don yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ba shi kaɗai ke wannan hali ba.

Amsar da na ba shi ita zan ba ku. Kada ka fara da littafi mafi kauri, kada kuma ka fara da wanda ya fi suna. Fara da doki, sannan yaƙi guda ɗaya, sannan marubuci.

Kai Bakano ne, kana da gatan da ɗalibin Landan ba shi da shi. Je ka gidan wani hakimi ko mai kiwon dawaki a cikin gari, ka nemi izini ka tsaya a barga. Ka ga yawan dawa da harawa da dusa da kanwa da doki ɗaya yake lashewa. Ka ɗaga lifidi da hannunka ka ji nauyinsa, ka tuna auduga ce aka cusa aka ɗinke, a kan doki da mahayi, cikin zafin bazara. Ka tambayi mai kula da dokin abin da yake tsoro, da yadda yake yi idan aka tunkare shi da bango. Daga nan ka shiga Gidan Makama ka kalli kayan yaƙin kakanninka. Wanda bai yi wannan ba, idan ya karanta cewa barade dubu sun yi tafiyar kwana goma, lamba kawai ya gani. Wanda ya yi, tambayar farko da za ta zo masa ita ce: a ina suka sha ruwa, wa ya ɗauko musu abinci?

Bayan barga sai na gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya faɗa mana cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Kano. Dubi sarautunmu ma: Madaki, Sarkin Dawaki Mai Tuta, Sarkin Dawakin Tsakar Gida, Shamaki. Doki yana cikin ƙashin bayan mulkin garin nan tun kafin Rumfa.

Yaƙi ɗayan da nake so ka riƙe da farko shi ne Tabkin Kwatto, a watan Yuni na 1804. Yunfa Sarkin Gobir ya zo da barade da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuma ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo yawancinsu a ƙasa suke, baka da kibiya ne makaminsu, dawakinsu 'yan kaɗan. Amma Gobirawa ne suka watse. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun rubuta: Abdullahi a Tazyinul Waraƙat, Muhammadu Bello a Infaƙul Maisur. Ku da kuka yi makarantar allo da ta ilimi, kunya ce a ce kun san sunan dokin wani sarkin Turai ba ku taɓa buɗe waɗannan ba. Idan ka gama da su sai ka ɗauki littafin Joseph Smaldone na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato. Shi zai nuna maka yadda mutanen da suka ci nasara da baka suka koma masu dawaki da kansu bayan sun kafa mulki, da yadda bindiga ta fara sauya lissafi a ƙarshen ƙarnin. Akwai kuma na Robin Law na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, mai bayanin tsadar doki da yadda ƙudan tsando ya hana shi rayuwa a kurmi, har daular Oyo ta dogara da dawakin da ake kai mata daga arewa. Wannan kana iya jinkirta shi.

To, yanzu Keegan, tunda shi aka tambaye ni. Malami ne da ya daɗe yana koyarwa a makarantar sojan Sandhurst a Ingila, ya rasu a 2012. Yawancin samari suna rugawa ne ga babban littafinsa na 1993, A History of Warfare, saboda sunan ya yi alkawarin komai. Ni ma da shi na fara, kuma kuskure na yi. Na yi wata biyu ina bin sa daga wannan nahiya zuwa waccan, na fito da sunaye cike da kai, amma da za a ce in zana yadda yaƙi ɗaya ya gudana daga hantsi zuwa la'asar, da ban iya ba. Littafin ba shi da laifi. An rubuta shi ne don wanda ya riga ya san filin daga.

Wanda za ka fara da shi shi ne The Face of Battle na 1976. Yaƙi uku kacal ya ɗauka: Ajinkot a 1415, Watalu a 1815, da Som a 1916. Biyun farko su ne naka, don su ne na dawaki. Kuma ina ba ka shawara, idan babin farko ya yi maka nauyi, tsallake shi ka tafi Ajinkot, ka dawo masa daga baya.

Abin da ya sa nake son littafin nan, bai tsaya kan sarki da kwamanda ba, ya sauko wurin mutumin da ke tsaye a cikin laka. A Ajinkot maharban Ingila sun kafa itatuwa masu tsini a gabansu, filin kuma gona ce da aka nome, ruwa ya jiƙa ta. Mahayan Faransa suka yi sukuwa, kibau suka sauka a kan dawakin, dawakin da suka ji rauni suka juya da gudu suka afka cikin mutanensu da ke tahowa a ƙasa. A Watalu, ranar 18 ga Yuni, mahayan Napoliyon, sarkin Faransa, sun yi ta kai hari kan sojojin Ingila da suka tsaya sahu mai kusurwa huɗu, wuƙaƙen bakin bindiga sun fuskanci kowane ɓangare, kuma ba su fasa sahun ba. Bayanin Keegan mai sauƙi ne, kuma duk mai barga a Kano zai gaskata shi: doki ba ya yarda ya daki abin da ya tsaya ƙyam a gabansa. Ko dai ya turje ko ya kauce. Galibi barade suna cin nasara ne a kan mutanen da tsoro ya riga ya watsa su. Dubi jahi a Ƙofar Kudu, yadda dawaki ke tahowa a guje su ja birki a gaban Sarki, ka tambayi kanka yadda zuciyarka za ta yi da kai ne a gaban, kuma da gaske ake.

Da wannan idon nake so ka dawo gida ka karanta 1903, don nan ne abin yake da ciwo. Turawa ƙarƙashin kwamandansu Morland sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya jagoranci Kanawa suka fuskanci wani ƙaramin hafsa mai suna Wright da sojojin da ba su kai hamsin ba. Sahun nan mai kusurwa huɗu suka yi, irin na Watalu, sai dai bindigoginsu sun fi na 1815 sauri nesa ba kusa ba. Waziri ya yi shahada a wurin. Na sha jin samari suna cewa ragwanta ce ta kayar da kakanninmu, kuma raina yana ɓaci, domin wanda ya karanta ya san mahayan Faransa, da duk horonsu da sulkensu, sun gaza a gaban irin wannan sahu shekara 88 kafin nan. Mutanen da suka sake tunkarar wuta bayan sun ga 'yan uwansu sun faɗi ba ragwaye ba ne. Rahoton Turawa ya ce dawaki dubu da dakaru dubu biyu ne suka kai harin. Ka tambaya: wa ya ƙirga, kuma wa zai amfana idan adadin ya yi yawa? Wright lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila ya samu a kan wannan rahoto. Irin tambayar nan ka yi wa kowane marubuci, har Keegan ɗin.

Idan za ka karanta, ka ajiye biro da takarda a gefe. Ka zana filin, ka sa inda ruwa yake, inda tudu yake, inda rana take. Babi ɗaya a mako ya isa. Babban littafin na 1993 yana nan yana jiranka, kuma sashensa na mahayan Asiya ta Tsakiya, su Mongol, zai yi maka daɗi ne bayan ka wuce nan.

Yaron da ya tambaye ni, ranar Juma'a na ba shi aron The Face of Battle nawa na takarda. Na ce ya dawo da shi bayan mako uku, tare da taswirar Ajinkot da ya zana da hannunsa, kuma kafin nan ya je bargar kawunsa a Yakasai ya ɗaga lifidi.