Ƙaguwa da Jatan Lande Ba Kifi Ba Ne

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙaguwa da jatan lande a matsayin nau'in kifi, saboda a ruwa ake kama su kuma a rumfar masu kifi ake sayar da su. A wurin masana ilimin halittu kuwa, zama a ruwa ɗaya ba ya sa halittu su zama dangi. Tsarin jiki ne ake dubawa.

Kifi yana da ƙashin baya a cikin jikinsa. Ƙaguwa da jatan lande ba su da ƙashi ko ɗaya a ciki. Abin da ke riƙe jikinsu shi ne ɓawo mai tauri da ya lulluɓe su daga waje, kuma ƙafafunsu guda 10 masu gaɓoɓi ne, har da manyan hannuwan da ƙaguwa ke cafka da su. Da yake ɓawon ba ya girma tare da naman da ke cikinsa, dole su riƙa yin saɓa lokaci zuwa lokaci, su zauna da laushin jiki har sabon ɓawo ya yi ƙwari. Jininsu ma dabam yake, domin sinadarin tagulla ne ke ɗaukar iskar numfashi a cikinsa, shi ya sa yakan yi shuɗi-shuɗi.

Wannan tsari ya sanya su a babban rukuni ɗaya da fara, kyankyaso, kunama da gizo-gizo. Bambancinsu da kifi yana da amfani ga lafiya: wanda jikinsa ke yin bori idan ya ci jatan lande sau da yawa yakan samu matsala da ƙaguwa ma, alhali yana iya cin tarwaɗa ko karfasa lafiya lau.