Ka biya kuɗin jirgi, makulli na hannun wani

Jama'a, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, maganar ta daɗe tana cin raina. Duk lokacin da aka ce Amurka ta yarda za ta sayar wa wata ƙasa jirgin yaƙi ƙirar F-35, sai ka ga samarinmu suna tafi a Facebook, wai ƙasa kaza ta shiga sahun manya. Ni abin da nake gani shi ne igiya ta shiga wuyanta, kuma bakin igiyar yana Washington.

Ku dubi ɗan pragya, wato mai tuƙa keke mai ƙafa uku na haya, a nan Aboabo da ke Kumasi a Gana. Ya karɓi keke a hannun mai shi, yana zubi duk mako, takardu na aljihun maigida. Ranar da ya gama biya, keke ya zama nasa. In giyar keken ta lalace ya tura shi Suame Magazine, unguwar makanikai, makaniki ya kwance, in babu ƙarfen a kasuwa a ƙera masa wani kafin la'asar. To, F-35 ba shi da Magazine. Ko ka biya kuɗinsa tsaf, kayan gyara sai ta hannun Lockheed Martin, kamfanin Amurka da ke ƙera shi, manhajar da ke tuƙa shi sai su sabunta maka, bayanan da yake tantance abokin gaba da su kuwa a Amurka ake haɗa su, a wurare irin su sansanin Eglin da ke Florida. An yi ta yaɗa cewa akwai maɓallin da za su danna jirgin ya mutu, Amurka ta musanta. Ai ba sai da maɓalli ba. A tsayar da kayan gyara na 'yan watanni, ka ga ko zai tashi.

Turkiyya ta ɗanɗana. Tun 1952 take cikin NATO, tana cikin ƙasashen da suka zuba kuɗi aka ƙera jirgin, masana'antunta na haɗa ɗaruruwan sassansa, ta shirya sayen guda 100, ta biya sama da dala biliyan ɗaya. Da ta karɓi makaman kariyar sama na S-400 daga Rasha a Yulin 2019, aka fitar da ita. Matuƙanta da ke horo a Arizona aka sallame su, jiragen da aka rubuta da sunanta ba su taɓa sauka a ƙasarta ba. Ko F-16 da ta nema daga baya, sai da majalisarta ta amince Sweden ta shiga NATO a Janairun 2024, cikin 'yan kwanaki aka saki cinikin.

Na Pakistan ya fi yi mini ciwo. Lokacin da ake yaƙar Tarayyar Sobiyet a Afganistan, ita ce 'yar lele, aka ba ta F-16. Sobiyet ta janye a 1989, a 1990 aka tuna cewa Pakistan na neman makamin nukiliya, aka ɗora mata dokar Pressler. Jirage 28 da ta riga ta zuba kuɗinsu aka kai hamadar Arizona aka jere. Ba jirgi, ba kuɗi, shekara takwas. Da aka tashi mayar mata a 1998, wani kaso kuɗi ne, wani kaso kuma kayan abinci, har da alkama. Ƙasa ta biya kuɗin jirgin yaƙi an auna mata hatsi!

Hadaddiyar Daular Larabawa ta ƙulla hulɗa da Isra'ila a 2020, aka yi mata alkawarin F-35 guda 50. Sharuɗɗa suka yi ta ƙaruwa, musamman kan alaƙarta da Sin da kamfanin Huawei, har ta dakatar da tattaunawar a Disambar 2021. A watan ne ta sa hannu kan sayen jiragen yaƙi ƙirar Rafale 80 na Faransa. Akwai kuma dokar Amurka ta 2008 da ta wajabta cewa duk makamin da za a sayar a Gabas ta Tsakiya kada ya rage fifikon da Isra'ila ke da shi. Jirgin F-22 ma ko Japan da ta nema ba a ba ta ba, an haramta fitar da shi gaba ɗaya.

Na kawo wa kawuna maganar nan, tsohon soja ne da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanon. Ya ajiye kofin ataya ya ce, "Ɗana, wanda ya ƙera bindiga yana da haƙƙin ya tambayi inda za a harba ta." Na ce, "Gaskiya ne, Kawu." Kuma har zuciyata na yarda. A Janairun 2017 jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta jihar Borno, mutum fiye da 100 suka mutu. Gwamnatin Obama ta riƙe cinikin jiragen yaƙi ƙirar Super Tucano 12 da ake yi da Najeriya, jiragen ba su iso ba sai 2021. Ban ga laifin tsayawa a yi tambaya bayan jini irin wannan ba. Mutanen Rann 'yan uwanmu ne.

Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne mudu biyu. A Oktoban 2016 jiragen ƙawancen Saudiyya sun kai hari kan zaman makoki a Sana'a, kusan mutum 140 suka rasu. A Agustan 2018 bam ƙirar Amurka ya faɗa kan motar 'yan makaranta a arewacin Yaman, yara 40 suka tafi. Jiragen F-15 na Saudiyya ba su daina tashi ba. Gaza kuwa kowa ya gani da idonsa. Wata kotun Holan ta hana fitar da sassan F-35 zuwa Isra'ila a Fabrairun 2024. Ingila ta dakatar da lasisin sayar wa Isra'ila makamai kusan 30 a Satumba, amma ta tsame sassan F-35 daga ciki. A Agustan shekarar Amurka ta amince ta sayar wa Isra'ila makaman dala biliyan 20 waɗanda suka haɗa da F-15 guda 50. In da rayukan fararen hula ake aunawa, da sharaɗin da ya hau kan Abuja ya hau kan kowa. Biyayya ake aunawa, da kuma wanda kake ciniki da shi in ka bar shagonsu.

Wani zai ce ina ruwan Gana, mu da manyan jiragenmu su ne K-8 na horo da muka saya daga Sin. Da ruwanmu. Irin wannan igiyar ce a cikin kowace yarjejeniyar tsaro, babba ko ƙarama. Ku tuna 2018, yadda aka fito zanga-zanga a Accra kan yarjejeniyar soja da Amurka, 'yan adawa suka fice daga majalisa, aka amince da ita duk da haka. Yanzu ga wuta na ci a Burkina Faso, kusa da garuruwanmu na kan iyaka, Bawku da Paga, masu tallan makamai za su yi ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, na Yamma da na Gabas. Kada kuma wani ya ɗauka Rasha ko Sin ko Turkiyya sadaka suke yi, kowa da nasa sharaɗin.

Ranar 6 ga Agustan 2025 helikwaftan soja ya faɗi a Adansi a hanyar Obuasi, muka rasa mutum takwas, har da ministan tsaro Omane Boamah da ministan muhalli Alhaji Murtala Muhammed, Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri. Jiragen ɗaukar sojoji da na sintiri masu lafiya, da injiniyoyinmu da za su iya kwance su su mayar, su ne buƙatarmu ta gaggawa. Duk cinikin jirgin da za a kawo majalisa, ina so ɗan majalisarmu ya miƙe ya tambaya a gaban kowa: in muka saɓa da mai sayarwa, wata nawa kayan gyaran da ke hannunmu za su kai mu, kuma wane ɗan Gana aka yarda ya buɗe injin?