Ranar da na kai ƙarar na'ura wajen Malam

Da can da hannu muke taitireshan, wato gwajin gano ƙarfin asid a ɗakin gwajin sinadarai. Ka riƙe famfon biret, wani dogon bututun gilashi mai ma'auni, kana ɗiga NaOH, sinadarin da ke kashe tsamin asid, cikin asid ɗin, ido a kan ruwan, da fenolftalin, sinadarin da ke sauya launi in tsamin ya ƙare, ya ɗan yi ja-ja sai ka rufe. Ni kuwa ban taɓa rufewa a kan kari ba, kullum sai ruwan ya yi jawur. Don haka ranar da aka ce mu koma kan na'ura mai yi da kanta, na ce alhamdulillahi, wahala ta ƙare.

Ita ba ruwanta da launi. Wata sandar gilashi ake tsomawa, ilektirod, ita ke jin tsamin ruwan ta mayar da shi 'yar wutar lantarki, allo ya nuna pH, wato lambar da ke auna tsami: in ta yi ƙasa, tsamin ya yi yawa. Tana ɗigawa tana aunawa. In ka zuba mililita 25 na asid ɗin HCl mai ƙarfin 0.1, NaOH ɗin ma 0.1, to wajen mililita 25 pH zai daka tsalle daga kusan 4 zuwa kusan 10 cikin 'yan ɗigo. Wannan tsallen take farauta.

Ƙa'ida ita ce a fara saita ilektirod da ruwan bafa, wato ruwan da aka riga aka san pH ɗinsa, mai pH 4, da 7, da 10. Na dubi kwalaben, na dubi agogo, na ce ai jiya wani ya saita. Na jefa ɗan maganaɗisun juya ruwa, na tsoma sanda. Allo ya ce 4.0. Asid irin wannan kusa da 1 ya kamata ya nuna, na kuma san da haka. Amma wa zai yi musu da na'ura?

Mililita 10, 4.0. Mililita 25, na gyara tsayuwa ina jiran tsalle, 4.0. A 50 ta tsaya, ta rubuta ba ta ga komai ba. Na sake sau biyu, ko gezau.

Na nufi Malam mai kula da ɗakin gwaji da ƙarfin gwiwata.

"Malam, na'urar nan ta mutu. Gara a kira kamfani."

Bai tanka ba. Ya zo ya ɗiga fenolftalin a kofin, ruwa ya yi ja har da sheƙi, allo na nan a kan 4.0 kamar an kafa shi da ƙusa. Ya ɗago sandar a hankali yadda kowa zai gani. Ga murfin roba nan daram a bakinta, cike da ruwan gishirin KCl da ake ajiye ta a ciki don kada gilashin ya bushe.

"Awa guda kana auna ruwan cikin murfi," in ji shi. "Amma fa ka auna shi daidai, har sau uku."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Don in tsira da sauran mutuncina, na ɗauki kofin na juye a jarkar sharar sinadarai. Sai na ji ƙwal! Maganaɗisun ya bi ruwa.

Malam ya miƙo mini doguwar sandar da ake zaro shi da ita.

"Ungo. Wannan ba ta da murfi."