Mitch McConnell, gwanin hana ruwa gudu

Jama'a, yau kan wani dattijo ɗan siyasar Amurka nake son mu yi magana, wato Mitch McConnell na jihar Kentucky. Ba shi da bakin Obama, ba ya cika fili da magoya baya kamar Trump. In yana jawabi sai ka ɗauka takardar haya yake karantawa. Amma tun 1984 mutanen Kentucky ke zaɓensa sanata, kuma shekara 18 ya yi yana jagorantar 'yan Republican a majalisar dattawa, daga 2007 zuwa farkon 2025. Babu wani shugaban jam'iyya a tarihin majalisar da ya kai shi daɗewa. Mike Mansfield da ya riƙe kambun kafin shi shekara 16 ya yi.

Ni a ganina, duk mai son fahimtar mutumin nan kada ya ɓata lokaci wajen neman dokokin da ke ɗauke da sunansa. Ya dubi abubuwan da ya hana faruwa. A majalisar dattawan Amurka, jagoran masu rinjaye ne ke tsara abin da za a kawo zaure da ranar da za a kawo shi. Abin da bai sa a jadawali ba, ya mutu ba tare da an yi masa jana'iza ba. McConnell ya gane wannan fiye da kowa.

A watan Fabrairun 2016 alƙalin kotun ƙoli Antonin Scalia ya rasu. Ko kwana ba a yi ba McConnell, wanda a lokacin shi ne jagoran masu rinjaye, ya ce ba za a cike gurbin ba sai an zaɓi sabon shugaban ƙasa, alhali saura wata 11 Obama ya sauka. Obama ya miƙa sunan Merrick Garland, alƙalin da hatta wasu 'yan Republican suka taɓa yabo. Ba a kayar da shi a ƙuri'a ba, ba a ma kira shi an saurare shi ba. Sunansa ya yi kwana 293 a ajiye har ya lalace. Trump ya ci zaɓe, ya kawo Neil Gorsuch, McConnell ya sauya ƙa'idar da ke buƙatar ƙuri'a 60 ya mayar da ita rinjaye kawai. Don a yi adalci, Harry Reid, jagoran sanatocin Democrat, ne ya fara buɗe wannan ƙofa a 2013 kan alƙalan ƙananan kotuna. McConnell ƙarasa ta ya yi.

To, sai ga 2020. Alƙaliyar kotun ƙoli Ruth Bader Ginsburg ta rasu ranar 18 ga Satumba, ana saura makonni a yi zaɓe. Mutumin da ya ce a jira talakawa su yi magana, shi ne ya sa aka tabbatar da Amy Coney Barrett ranar 26 ga Oktoba, kwana 8 kafin zaɓen. Hujjarsa ita ce a 2016 jam'iyyu daban ne ke riƙe da fadar shugaban ƙasa da majalisa, a 2020 kuwa jam'iyya ɗaya ce. Wannan hujja ba ta shige ni ba. Gaskiyar magana ita ce yana da ƙuri'un da zai hana a wancan karon, yana da waɗanda zai tabbatar a wannan. Sakamakon dai kotu ce mai masu ra'ayin riƙau 6 cikin 9, wadda a 2022 ta soke hukuncin da ya bai wa mata 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar. Na san da yawa daga cikinku wannan hukunci ya yi muku daɗi. Babu laifi. Amma ku tuna kotun nan ce kuma a 2024 ta ce shugaban ƙasa yana da kariya daga tuhuma kan ayyukan ofishinsa.

Inda nake ganin ya gaza shi ne bayan harin 6 ga Janairun 2021, lokacin da magoya bayan Trump suka kutsa ginin majalisa. Majalisar wakilai ta tsige Trump, ya rage dattawa su yi shari'a. McConnell ya ƙi kiran majalisa da wuri, har Trump ya sauka daga mulki. Ranar 13 ga Fabrairu aka kaɗa ƙuri'a, 57 suka ce yana da laifi, 43 suka ce babu, ana buƙatar 67. McConnell yana cikin 43 ɗin, a kan cewa ba a hukunta wanda ya riga ya bar kujera. Yana gama kaɗa ƙuri'ar ya miƙe ya yi jawabi cewa Trump ne ke da alhakin abin da ya faru. Wannan shi ne a kashe maciji ba a sare kansa ba, in ma an kashe ɗin. Da ya ja sanatoci 9 tare da shi, da an iya haramta wa Trump sake takara. Lissafinsa shi ne Trump ya gama yawo. Trump ya dawo yana zaginsa, yana zagin matarsa Elaine Chao da ta yi wa Trump ɗin minista, kuma duk da haka a 2024 McConnell ya mara masa baya.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya kamata ya taɓa mu nan arewa. Yana ɗan shekara 2, a 1944, shan-inna ta kama shi a ƙafar hagu. Mahaifinsa yana aikin soja, mahaifiyarsa ce ke kai shi Warm Springs a jihar Jojiya, cibiyar da Shugaba Roosevelt ya kafa, ta dawo gida ta riƙa motsa masa ƙafar kullum har ya taka. Mu da muka ga yadda aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003, muka kuma ga matasan da ke tuƙa keke da hannu a bakin danja, ba sai an yi mana bayanin wannan ciwo ba. Shi ya sa da Trump ya kawo Robert Kennedy ƙarami, wanda ya yi suna wajen sa shakku kan alluran rigakafi, a matsayin ministan lafiya, McConnell ya ƙi amincewa. A lokacin ya riga ya miƙa jagoranci ga John Thune. Cikin 'yan Republican kaf shi kaɗai ya ce a'a, aka tabbatar da Kennedy da ƙuri'a 52 da 48.